Filash Daga Zaure

Ni 'yar mahauta ce, kuma gidan fawa aka kai ni aure, don haka tun ina ƙarama na san ba a karɓar nama a ƙulle. Sai an kwance, an juya, an shinshina. Wannan hali ya bi ni har kan abubuwan da ba su da ƙamshi ba su da wari. Ranar da aka miƙo mini filash daga zaure aka ce in soka shi a jikin akwatin intanet na gidanmu, sai da na kai shi hanci kafin in tuna ƙarfe ne da roba.

Gidanmu yana unguwar Runjin Sambo. Ta gaba shagon naman maigidana ne, da firiza, da na'urar biyan kuɗi da kati, da kyamara a saman ƙofa. Na'urar da kyamarar da wayoyinmu duk daga wani baƙin akwati suke shan intanet, wanda bai kai faranti faɗi ba. Igiyar waya ce ta sauko daga kwanon intanet da ke kan rufi ta shiga cikinsa, shi kuma yana rarrabawa. An ɗaure shi da kusoshi a bangon falona, saboda nan batiran sola suke, kuma nan ne maiƙo da hayaƙin shago ba sa kaiwa. Ni dai tsakanina da shi gogewa da tsumma, amma sana'ata a kansa take rataye. Kilishi nake yi, a waya kuma nake sayarwa. In ɗora hoto, a yi mini magana daga Kaduna ko Abuja ko Fatakwal, mu daidaita, in ƙulle in aika tasha. Mafi yawan masu sayen maza ne, don su ke kai wa iyali tsaraba, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba.

Maigidana ba mai faɗa ba ne. Da ma mai faɗa ne da na huta, don mai faɗa kana jin inda ya dosa. Shi sai ya jefo magana ɗaya yana wanke hannu, ya bar ka kana juya ta har kwana. A wancan lokacin ya dawo daga cin kasuwar shanu, bai ko zauna ba ya ce wayata kwana biyu ba ta hutawa da rana. Mutumin da ba ya gari! Bayan 'yan kwanaki kuma ya tambaye ni, kamar da wasa, ko duk masu sayen nan na san iyalansu. Na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Ina da yaya mace wadda mijinta ya fara da irin waɗannan tambayoyi, aka ƙare da karɓe waya da rufe sana'ar turarenta, wai don a zauna lafiya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce ya nemi ruwa ba.

Ana cikin haka, ranar da zai bi motar shanu zuwa kudu, yana ɗaura agogo ya ce, “Injiniya na nan tahe gobe, za shi sabunta akwatin ga.”

Na ce, “Mi yas same shi? Ai lahiya lau shika aiki.”

“Shi yas san wannan. Yac ce abin cikinai ya tsuhwa.”

“To a bari ka dawo mana.”

“A'a, gobe dai,” in ji shi, ya ɗauki jakarsa.

Abin da bai lalace ba za a gyara, a ranar da mai shi ba ya nan, kuma ba a yarda a jira ba. Ni a raina na riga na gama lissafi: wani abu za a dasa a ciki wanda zai riƙa kai masa rahoton wayata. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na san in aka fara leƙe ba a rasa abin da za a ce an gani.

Abin da maigida ya manta shi ne mahaifinsa. Baba tsohon mahauci ne da gwiwa ta zaunar, zaure ya zama fadarsa, da buzunsa da rediyonsa da carbi. Dokarsa guda ce: in ɗansa ba ya gari, namiji baligi ba ya wuce zauren nan, ko da famfo ne ya fashe yana ambaliya. Washegari bayan azahar na ji tsayuwar mashin, na ji sallama, sai na matso bayan ƙofar tsakar gida na kasa kunne. Injiniyan magidanci ne daga unguwar Gidan Igwai, shi ya ɗaura akwatin tun farko, amma wancan karon maigida ne ya shigo da shi da kansa.

Baba ya ce, “Gidan ga ba a shiga. Ciro abin a kawo maka nan.”

Injiniya ya ce ba ya ciruwa haka nan, kuma ko an ciro, aikin yana son wutar sola wadda ba ta yankewa, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi akwatin ya mutu ke nan. Ya yi rantsuwa cewa maigida ne ya turo shi. Baba ya ce ya yarda, amma turowa daban, shiga daban. Suka yi ta ja, har injiniya ya gaji ya ce to sai dai Hajiya ta yi da hannunta, shi ya riƙa gaya mata ta waya. Baba ya ce ya amince, da sharaɗin a buɗe muryar wayar ya riƙa jin kowace kalma.

Haka muka zauna mu uku, kowa da wanda yake zargi. Baba yana zargin baƙo da son leƙen gidan ɗansa. Baƙo, daga jin muryarsa, yana zargin zan ɓata masa aiki a ɗora masa laifi. Ni kuwa ina zargin baƙon da wanda ya aiko shi, ga shi ba ni da bakin faɗa, don ba a ce wa suruki ɗansa na yi maka leƙen asiri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, in dai tarko ne, da hannuna za a sa in ɗana shi.

Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa, ya miƙo filash ɗin da wani allon dannawa mai igiya, kibod, yana kallon gefe. Na durƙusa na karɓa. Filash ne ƙarami ja, an manna masa farar takarda ba rubutu. Ban nufi akwatin ba. Ina da tsohuwar kwamfuta tun ta makaranta, na kunna ta na soka shi in ga abin da ke ciki. Na saba filash in ka buɗe ka ga karatu ko hotunan biki. Wannan kuwa kwamfutar ta ce ba ta gane shi ba, ta kuma tambaye ni ko in goge shi.

Wayata ta yi ƙara, na ɗauka. Na ce, “Malam, wanga abu naka kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Wai in goge.”

Sai da ya kusa shaƙewa. “Hajiya, don Allah kak ki danna komi! Zare shi, zare shi!”

Na ce sai ya gaya mini abin da ke ciki. Ya sassauta murya ya yi bayani. Ya ce akwatin yana da manhajarsa ta can ciki wadda yake farkawa da ita, su suna ce mata famwaya. Ta gidanmu ta tsufa, masu ƙera akwatin sun gano tana da kafar da ɓarayin intanet ke bi, kuma ta yi nisa da baya har ba ta karɓar sabuntawa ta iska. Shi ya sa ya sauko da sabuwar daga wurin masu ƙerawa, ya share filash ɗin kaf ya rubuta ta a kai ta yadda akwatin zai farka daga filash maimakon daga cikinsa. Ba filash ɗin ajiya ba ne yanzu, shi ya sa kwamfutata ta yi masa kallon baƙo.

Bayanin ya hau daidai, kuma hawansa daidai ɗin ne bai kwanta mini ba. Duk wanda ya taɓa sayen saniya ya san dillalin da bakinsa ya fi santsi shi ake ƙara duba haƙoran dabbarsa. Na ce, “Ba wanda yac ce ka ƙara wani abu bisa?”

“Kamar mi, Hajiya?”

Na ji Baba ya rage rediyo. Na ce, “A'a, tambaya ta.”

Muka fara. Injiniya ya sa na zare igiyar talabijin daga dikoda na soka a bayan akwatin, na haɗa kibod, na kashe akwatin har fitilunsa suka mutu. Daga nan intanet ya ɗauke a gidan da shagon gaba ɗaya, ga wani mai biki a Kaduna yana jiran in tabbatar masa da kayansa. Ya ce in soka filash a rami mai shuɗin baki, in kunna, in yi ta danna wani maɓalli na layin sama ba ƙaƙƙautawa. Karon farko na yi sanyin hannu, akwatin ya wuce abinsa ya farka yadda ya saba. Na ji injiniya ya ja numfashi ya yi salati a hankali. Aka sake. Wannan karon talabijin ta yi baƙi, fararen rubutu suka fito, layi-layi. Ya ce in sauko da kibiya kan layin da ke da sunan filash in danna babban maɓalli. Rubutu ya yi ta gudu sama kamar ana zazzage buhu, sa'an nan ya tsaya cak a kan gargaɗi.

Turancina bai mutu ba. Na karanta masa: duk abin da ke cikin akwatin za a shafe, in na yarda in danna.

Na ce, “Mi za a shahe?”

Ya ce kada in damu, tsare-tsaren gidan ne, sunan wayifai da lambobin kyamara da na na'urar shago, kuma ya riga ya kwafe su jiya, zai mayar in an gama.

“Jiya? Ina kak kwahe su?”

“Daga shago. Na zamna wurin yaran shago da kwamfutata nis shiga akwatin.”

Kafin in yi magana muryar Baba ta cika wayar. “Kas shiga ina? Akwatin da ad ɗakin ɗiyata?”

Injiniya ya shiga rantse-rantse, yana cewa ba shiga ta ƙafa ba ce. Baba ya ce shi bai san wata shiga ba wadda ba shiga ba. Da wata rana ce da na yi dariya har da hawaye. Amma ranar ban yi ba. Tsoho yana zaune a zaure da sanda yana gadin ƙofa, ashe an riga an shigo falona jiya ina tsakar gida ina shanya nama, ban ji ko motsi ba. In wannan ya iya, wa kuma ya iya?

Na daɗe da yatsa a kan maɓallin. In na ƙi, gidan ba intanet, shago ba ciniki da kati, kuma maigida zai dawo ya tambayi dalilin da ya sa na ƙi, tambayar da ta fi kowace muni. Na yi bisimilla na danna.

Wani dogon layi ya fito yana cika kaɗan-kaɗan daga hagu. Injiniya ya ce yanzu ko me ya faru kada in taɓa filash, kada in taɓa wuta, ko fanka ce in bar ta yadda take. Ana haka aka kira la'asar. Baba ba zai bar baƙo shi kaɗai a zaure ba, ba kuma zai rasa jam'i ba, sai ya tasa shi gaba zuwa masallacin ƙofar gida. Kiran ya katse. Aka bar ni da talabijin da zafin bazara, gumi yana bin bayana.

Ba zan ɓoye ba, na kalli jan filash ɗin nan na ji hannuna yana ƙaiƙayi. Fizga ɗaya, akwatin ya mutu, in ce wuta ce, kowa ya huta. Amma na san za a sayo wani, kuma wancan ba ni za a ba in ɗaura ba. Na yi sallata a nan falon, ina sallamewa na juya ga layin. Ya tsaya wuri ɗaya har na fara cewa ko ya lalace da kansa, Allah ya ɗauke mini, sai ya yi tsalle ya cika. Rubutu ya ce a cire filash. Na jira har suka dawo injiniya ya kira ya ce in cire, don kada a ce na yi gaban kaina. Akwatin ya mutu ya farka, fitilunsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Sai talabijin ta nemi sabuwar kalmar sirri.

Injiniya ya ce wannan ba ta wayifai ba ce da kowa ke sawa a waya, waccan za ta dawo yadda take. Wannan ta mai akwatin ce, makullinsa. Ya fara karanto mini wadda zan rubuta, harafi-harafi. Na ce ya dakata.

“Mai wagga kalma, mi shika iya yi?”

“Komi, Hajiya. Shi ka gyara tsari, shi ka rufe waya ko shi buɗe ta.”

“Shina ganin wayoyin gida?”

Ya ce ba ya karanta saƙon mutum, wannan a kulle yake. Amma yana ganin wace waya ce a kai, da lokacin da ta hau, da daɗewarta, da irin wuraren da take zuwa.

Na ce, “Sabon ga na ya zo da hakan ga?”

“A'a. Ai tun ran da anka ɗaura shi haka shike. Tsohon ma shina yi.”

“Wa ka riƙe da makullin tsohon?”

“Ni da maigida.”

Wato duk yinin nan ina harare-hararen filash, ina shinshinarsa, ashe babu abin da zai shigo da shi wanda ba ya nan. Shekaru ina goge akwatin nan da tsumma, ina kare shi daga yara. Na jawo kibod na rubuta kalmar da ni kaɗai na sani, akwatin ya nemi in maimaita, na maimaita.

Injiniya ya ce, “To Hajiya, hwaɗa mani abin da kir rubuta in ƙarasa aiki.”

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce ba zai iya mayar da tsarin shago ba sai da ita. Na ce ya karanto, ni in danna, ai tun ɗazu haka muke yi. Ya ce maigida zai yi faɗa. Sai Baba ya yi gyaran murya. Ban sani ba ko ya fahimci abin da ake ciki, ina jin dai kalmar makulli ce ta tsaya masa. Ya ce, “Kai, ba a ba baƙo makullin ɗakin mata. Karanta mata.”

Haka aka yi. Ya miƙo wani filash na biyu ta hannun Baba, mai ɗauke da tsarin da ya kwafa, ya yi ta karantowa cikin ɗacin rai ina dannawa. Kafin magariba kyamara ta dawo, yaran shago suka aiko cewa kati yana wucewa, saƙonnin masu saye suka shigo wayata a jere. Na amsa wa mai bikin Kaduna, na ba shi haƙuri.

Kwanakin da suka rage kafin maigida ya dawo, shiri na yi ta yi. Na san injiniya ya gaya masa tun a daren. Ina jan nama ina tsara amsa, ina shafa labun kilishi ina gyara ta. In ya ce in ba shi, zan ce sai ya fara gaya mini abin da ya gani a tsohon. In ya ɗaga murya, ga abin da zan ce. In ya kai ƙara wurin Baba, ga nawa. Har na yanke cewa in ya rantse bai taɓa dubawa ba zan yarda, in ba shi, a wuce wurin, don ni ma na gaji da zama da zargi a ciki.

Ya dawo da tsarabar kwakwa da manja. Ya ci abinci, ya ɗaga kai ya dubi akwatin, ya ce an gama ke nan. Na ce an gama. Ya ce madalla. Bai tambaya ba. Washegari ma bai tambaya ba, har mako ya juyo. Duk maganganun da na tara suka yi ta tsami a cikina, na rasa inda zan zubar da su. Na fara tunanin ko na zalunci bawan Allah, ko shi ma kalmar an ba shi ne ya manta da ita tun ranar farko, kamar yadda yake manta inda ya ajiye hula.

Wata ranar Juma'a da hantsi yana zaune a falo, daidai ƙarƙashin akwatin, fitilun suna ƙiftawa a saman kansa. Na kawo masa kunu, idona ya faɗa kan wayarsa. Data yake saye.

Na ce, “Ga intanet bisa kanka kana sayen data? Ko wayifai ɗin ya ƙi hawa in diba maka?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Bar shi. Na kashe shi, nawa ya hi sauri.”

Mutumin da ke faɗa in an bar fitilar bayi a kunne, shi ne yake sayen abin da ya riga ya biya. Na ajiye kofin a gabansa, na koma tsakar gida wurin namana. Daga ranar da makullin ya shigo hannuna har yau, wayarsa ba ta sake hawa akwatin nan ba.